Yadda Za Ka Ji Daɗin Kallon Wasan Nan-Take Mai Dogon Zango

Ranar farko da na zauna kallon wasan kwaikwayon da ake ƙagawa nan take, ba rubutu, a waya, ko minti goma ban kai ba na kashe. Mutum bakwai ne a dandamali, babu labule, babu kayan ado, sai kujeru biyu. Ɗaya daga cikinsu ya nemi 'yan kallo su ba shi kalma guda, aka ba shi, sai suka hau wani surutu da ban ga kansa ba bare gindinsa. Na ce a raina, waɗannan ai ba su shirya ba. Gaskiyata ce kuwa, ba su shirya ɗin ba, don rashin shirin shi ne sana'ar tasu. Sai da wani aboki ya matsa mini na koma na kalla har ƙarshe, na ga maganar da wani ya yar a minti na uku ta dawo a minti na 25 ta ɗaure labarai uku wuri guda. Nan na gane inda na kuskure: na zo ina jiran barkwanci ɗaya bayan ɗaya, alhali wasan so yake ka riƙe abin da ka ji, ka yi haƙuri, a biya ka a ƙarshe.

Mataki na farko: san abin da ka zo kallo

Masu abin suna ce masa imfurob, wato wasan kwaikwayon da ake ƙagawa nan take a gaban jama'a, ba rubutu, ba haddar magana. Iri biyu ne. Akwai mai gajeren zango, wanda ake yi da 'yan wasanni na minti uku zuwa biyar, kowanne da dokarsa: a ce kowace jimla sai ta zama tambaya, ko a ce duk sanda aka kaɗa ƙararrawa sai ka canza abin da ka faɗa. Irinsa ne ya yi suna a shirin nan na Whose Line Is It Anyway? da ya fara a Ingila a 1988. Wannan ba ya buƙatar jagora, da ka zauna dariya za ta same ka.

Mai dogon zango shi ne namu a nan. Kalma ɗaya ake karɓa daga 'yan kallo, wani lokaci ma ba a karɓar komai, a yi wasan minti 25 zuwa sa'a guda ko fiye, ba mai gabatarwa da zai tsayar da su, ba wanda ya san inda za a dosa.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga ƙagen magana a fage. Wanda ya ga 'yan kama ya san haka, kuma tsofaffin wasannin rediyo da talabijin irin na Samanja a Kaduna, ko na ƙungiyar Yazi Dogo a Damagaram, akasari kan labarin ake yarda da shi tukuna, sannan kowa ya zuba maganarsa da bakinsa. Bambancin shi ne a can an san wa zai zama miji, wa zai zama alƙali, da yadda rigimar za ta ƙare. A nan kuwa ɗan wasa yana takowa tsakiyar fage bai san ko shi wane ne ba sai abokin wasansa ya kira shi da suna.

Mataki na biyu: ɗan tarihi, don ka san gardamar da ke ƙasa

Gidan wannan sana'a birnin Shikago ne a Amurka. Wata mata, Viola Spolin, ita ta tsara wasannin motsa ƙwaƙwalwa don koyar da yara, da yawansu 'ya'yan baƙin haure, a ƙarshen shekarun 1930. Ɗanta Paul Sills ya ɗauki wasannin ya kai wa manya. Shi da David Shepherd suka kafa ƙungiyar Compass a 1955, sannan a 1959 aka buɗe gidan wasa na Second City, da Sills a cikin waɗanda suka kafa shi.

Daga nan wata gardama ta taso wadda ta ɗauki shekaru. Bernard Sahlins, ɗaya daga cikin masu Second City, yana ganin ƙagen nan-take makami ne kawai na samo abin da za a rubuta, a gyara, sannan a nuna wa mutane. Del Close kuma ya kafe cewa shi kansa ƙagen ya isa a sayi tikiti a kalla. Close yana cikin ƙungiyar The Committee ta San Francisco lokacin da ta fara gwada wani dogon tsari a 1967, wanda cikin raha aka laƙaba wa sunan mutum, Harold, sunan kuma ya bi shi. A shekarun 1980 ya haɗa kai da Charna Halpern a ImprovOlympic, gidan da aka kafa a 1981 wanda yanzu ake kira iO, suka zaunar da Harold a kan tsarin da ake koyarwa har yau. Tina Fey da Amy Poehler da Mike Myers duk sun bi ta wannan makaranta. Close ya rasu a 1999.

Ni dai ina ganin kowannensu yana da tasa gaskiyar, kuma in ka kalli wasa goma za ka fahimci Sahlins a uku daga ciki. Sauran bakwai ɗin ne suka sa nake rubutun nan.

A ɗaya ɓangaren akwai Keith Johnstone, Bature ɗan Ingila. A zamanin da ya fara, doka ta tilasta a kai rubutun kowane wasa ofishin tace wasanni kafin a nuna shi, dokar da ba a soke ba sai 1968. To wasan da ba shi da rubutu me za ka kai? Daga baya ya koma Kanada, ya kafa gidan Loose Moose a Calgary a 1977. Almajiransa sun fi karkata ga gina labari mai kai da gindi, 'yan Shikago kuma ga saƙa jigogi.

Mataki na uku: zaɓi wanda za ka fara da shi

Kada ka fara da Harold in har kana da zaɓi. Fara da wasan mutum biyu mai labari ɗaya. Wanda ya fi sauƙin samu shi ne Middleditch & Schwartz, kashi uku da Netflix ya fitar a 2020: 'yan wasa biyu masu waɗannan sunaye suna hira da wani daga cikin 'yan kallo a kan wani abu da ke tafe a rayuwarsa, sannan su biyun su buga duk mutanen labarin, suna musayar matsayi, har su riƙa manta sunan wanda suka ƙaga suna tuna wa juna. In ka fi son natsuwa, nemi TJ Jagodowski da Dave Pasquesi, waɗanda suka fara wasa tare a Shikago a 2002. Su ba sa ma karɓar kalma. Fitila ta mutu, ta dawo, su kalli juna shiru, daga yanayin tsayuwar ɗayan su gane ko su wane ne. Ga wanda Turancinsa bai nuna sosai ba, irin wannan mai tafiyar hawainiya ya fi sauƙin bi fiye da na taron mutum takwas masu katse juna.

Akwai kuma Armando, tsarin da wani zai tsaya ya ba da labarin gaskiya daga rayuwarsa, 'yan wasa su tsinci abin da suka tsinta su gina a kai. Ƙungiyar Upright Citizens Brigade, da ta tashi daga Shikago zuwa New York a 1996, ta shahara da irinsa. Masu son waƙa kuma ga Showstopper! a Landan, inda ake ƙaga labari da waƙoƙinsa da kiɗansa duk a take, har suka ci lambar yabon wasan dandamali ta Olivier a 2016.

In tafiya ta kai ka Shikago, New York, Landan, Toronto, ko Edinbara a watan Agusta lokacin bikin wasanni, shiga ka gani da idonka, don bidiyo rabin abin yake kamawa. Sai dai ka san abu biyu tun daga gida. Yawancin waɗannan gidaje ƙananan ɗakuna ne masu kantin giya a gefe, kuma tunda ba rubutu, ba wanda zai lamunce maka cewa bakin wani ba zai zame zuwa batsa ba. Duba shekarun da aka ƙayyade a jikin tallan. Wasannin farkon dare da na iyali sun fi tsabta, na tsakar dare kuwa sai abin da hali ya yi.

Mataki na huɗu: kalmar da za ka bayar

Idan aka nemi kalma, ba da ta gaskiya, mai sauƙi: tsani, kaka, tashar mota. Sabon zuwa yakan so ya burge, ya jefo kalmar banza ko wata mai wuyar gaske don ya ga yadda za su yi. Sun ji irinta sau ɗari, kuma ba ta haifar da komai. Kada kuma ka zauna jiran a ambaci kalmarka a kowace fitowa. Iri ce aka shuka. Ka ce tsani, su tafi maganar ƙarin girma a ofis, ko ta maƙwabcin da ya ari abu shekara biyu bai mayar ba. Da an karɓi kalmar, bakinka ya gama aiki, saura kunne.

Mataki na biyar: koyi ƙirga Harold

Nan ne gaɓar da ta fi kowace, don wanda ya san ƙashin bayan Harold ba ya ɓata. Mutum shida zuwa tara ne ke yinsa, cikin kamar rabin sa'a, kuma uku-uku yake tafiya: sharar fage, fitowa uku, wasan gayya, a koma wa fitowa ukun nan, wani wasan gayyar, sannan zagaye na ƙarshe. Bari in ƙaga misali, in sa musu bakin Hausa don a ji daɗin bi.

A ce an ba su makulli. A sharar fage za su tsaya su riƙa jefa wa juna abin da kalmar ta tuno musu: ƙofa, gado, maigadi, duhu, amana. Wannan shi ne wurin da na kashe wayata a karon farko, kuma shi ne wurin da bai kamata ka ko ƙifta ba, don a gabanka suke tara itacen da za su yi girkin daren da shi.

Fitowa ta ɗaya. Mutum biyu sun tako, ɗaya ya tsaya yana kallon wata ƙofa da babu ita.

"Yaya, kai ne babba. Kwana arba'in ke nan da rasuwar Baba, buɗe ɗakin nan mu ga abin da ke ciki."

"Ni ne babba, shi ya sa ban taɓa shiga ɗakin nan ba a amsa mini sallama ba. Salamu alaikum." Ya yi shiru. "Mu ɗan jira."

Lura da abin da ya faru cikin jimla biyu. Na farko ya ba da dangantaka, da wuri, da dalili. Na biyu bai musa ko ɗaya ba, ya karɓa ya ɗora nasa. Wannan ita ce babbar ƙa'idar sana'ar, wadda suke taƙaitawa da kalma biyu: e, kuma. Da ya ce wane Baba, ai ni direban tasi ne, da ya sami dariya ɗaya ya kashe wasan. Sannan ga abin da ya karkace ya fito: mutum mai jiran izinin mamaci. 'Yan New York suna ce wa irin wannan karkata "wasa cikin wasa", kuma da zarar ka hango shi, ka san za a riƙa komawa kansa ana ƙara masa gishiri.

Fitowa ta biyu ba ruwanta da ta farko. Tsohon maigadi yana koya wa sabo aiki: "Doka ta ɗaya, yaro. Duk motsin da ka ji, kai za ka je ka duba. Ni aikina riƙe tocila." Ka gane tsohon tsoron duhu yake, yana fakewa da doka. Ta uku, mata tana neman makullin mota a aljihunan mijinta, kowane aljihu da asirin da yake tonawa: "Maigida, makulli dai babu, amma ga rasit na kaji biyu. Mu ranar Talata wake muka ci."

Sai wasan gayya, inda kowa ke shigowa, wataƙila su zama makullai a jikin zobe ɗaya suna gulmar wanda aka fi amfani da shi. Hutu ne, kamar shan ruwa tsakanin loma.

A zagaye na biyu ake gane gwanaye. Za su iya tsallaka lokaci, ka ga maigadin nan bayan shekara goma ya zama shugaban tsaro na banki, har yanzu da tocilarsa. Ko su ɗauki halin su kai shi wani wuri: yayan nan ashe likitan tiyata ne, an sa wa majiyyaci allurar barci, ya tsaya da wuƙa a hannu ya yi sallama, ya juya ga ma'aikatan jinya ya ce bai amsa ba, mu jira. Ba wanda zai tsaya ya ce maka wannan shi ne mutumin ɗazu. Kai za ka gane shi daga murya da tsayuwa, kuma rabin daɗin yana cikin wannan ganewar.

Zagaye na uku gajere ne, da sauri, kuma nan igiyoyin ke haɗuwa in Allah ya sa daren na sa'a ne. Matar ta zaro wani tsohon makulli daga aljihun ƙarshe, ashe mijin shi ne ƙanen, makullin ɗakin Baba yana wurinsa tun farko. Suka je gidan da dare, wanda aka ɗauka gadi kuwa tsohon nan ne, ya ɓuya a ɗakin. Yaya ya yi sallama a bakin ƙofa. Daga cikin duhu murya na rawa ta ce, "Wa alaikumus salam, ku shigo, ku ɗauki duk abin da kuke so." Yaya ya dafa ƙanensa: "Ka ji ko? Baba ya yarda." Fitila ta mutu.

Ba wanda ya tsara wannan. Wani ne cikin 'yan wasan da ke tsaye a jikin bango ya riƙe sallamar tun minti na huɗu, ya ga ƙofa ta buɗe, ya shiga. Wanda ya shigo a makare ko yake latsa waya zai ga ɗaki ya kece da dariya shi bai san dalili ba.

Mataki na shida: alamomin fage

Kaɗan ne, ka haddace su. In ka ga wani ya ruga a guje ta gaban masu wasa daga wannan gefe zuwa wancan, labule ya ja da ƙafarsa, fitowar ta ƙare. In ya zo ya dafa kafaɗar ɗaya, wanda aka dafa zai fita, wanda ya rage kuma yana nan a matsayinsa, an dai kai shi wani wuri ko wani lokaci. Masu tsayuwa a jikin bango ba sa cikin labarin har sai sun tako, amma su ne ke yin ƙarar ƙofa da kukan jariri. Kaya kuwa duk na iska ne: in mutum ya ajiye kofin da babu shi a kan teburin da babu shi, sa ido ka ga ko zai dawo ya ɗauka a daidai wurin, ko wani zai bi ta tsakiyar teburin ya wuce. Mai kula da fitila shi ma ɗan wasa ne, don sau da yawa shi ke yanke inda za a tsaya, haka ma mai fiyano in akwai shi.

Mataki na bakwai: kalli wanda ba ya magana

Wannan dabarar ce ta canza mini kallo gaba ɗaya. Ido yakan bi mai magana, amma aikin yana fuskar mai sauraro. Dube shi lokacin da aka ce masa shi ne surukin da ake bin bashi: daƙiƙa ɗaya zai yi, kafaɗarsa ta sauka, ya zama mutumin. Johnstone ya yi dogon nazari a kan abin da ya kira matsayi, wato wa ke sama wa ke ƙasa tsakanin mutum biyu, da yadda hakan ke juyawa. Ga wanda ya tashi inda ake gane babba daga wanda ya fara durƙusawa da wanda ya kawar da ido, wannan karatu ne da ya riga ya iya. Nemi lokacin da yaron gida ya fara ba maigida umarni ba tare da ɗayansu ya ankara ba.

Kuskure ma abin kallo ne. Wani zai kira matarsa da suna biyu daban, ko harshensa ya sarƙe ya faɗi kalmar da babu ita. Ƙungiyar kirki ba ta binne wannan, sai ta mai da shi gaskiyar labarin: ashe mata biyu gare shi, ashe kalmar sunan wata cuta ce da ta addabi garin. Kuma ba kowace fitowa ake son ta ba da dariya ba. In ɗaki ya yi tsit minti biyu ana kallon uba da 'ya suna wanke kwanukan iska, kada ka ɗauka wasan ya mutu.

Wani dare kuwa zai mutu ɗin da gaske. Za ka ga mutum biyu sun shiga gardamar da ba ta zuwa ko'ina, na bango sun kasa ceto su, zagaye na uku ya zo ba abin da ya haɗu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kowa a ɗakin ya gani, su ma sun sani. Shi ya sa tikitin irin wannan wasa yakan fi na manyan gidaje araha, kuma akan haɗa ƙungiya biyu ko uku a dare ɗaya. Kada ka taimaka musu da ihu daga kujera, kada ka ɗaga waya kana ɗauka ba da izini ba.

Mataki na takwas: koma wa ƙungiya ɗaya sau biyu

Kusan kowa yakan fita da zargi a karon farko: anya ba su shirya a ɓoye ba? Suna atisaye, ƙwarai kuwa, kamar yadda 'yan ƙwallo ke yi, amma abin da suke maimaitawa sauraro ne da miƙa wa juna, ba maganar da za a faɗa ba. Maganin zargin shi ne ka sake kallon mutanen nan a wani daren. Labarin zai zama sabo fil, halayensu kuma za su fara bayyana gare ka: wannan ita ce mai riƙe sunaye, wancan shi ke shigowa in abu ya cije, waccan ba ta magana sai ta ga dalili. In a bidiyo ne, kalla a zama ɗaya, kada ka tsallake, kuma in ka gama koma minti biyar na farko ka ga inda aka binne abin da ya tashi a ƙarshe.

In kuma kana so ka ɗanɗana wuyar abin, ba sai ka je ko'ina ba. Ku zauna ku huɗu bayan cin abincin dare, ku ba da labari ɗaya, kowa kalma ɗaya tak, ana zagayawa. Sharaɗin shi ne ba mai gyara wa wani, ba mai cewa ba haka nake nufi ba. Mu da muka gwada, a zagaye na shida wani ya riga ya shirya cewa sarki zai hau doki, na kusa da shi ya ce kwalekwale, ya zauna baki buɗe yana harararsa, sauran muna jira.